Ciwon Manya Ya Sauka Gidan Inuwa

Ranar da Selina, ma'aikaciyar jinya a Ikara, ta ɗaura wa Inuwa awon jini a damtse ta ce yana da hawan jini, murmushi ya yi har kunne. Manomin rake ne daga Furana, bai taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba. A saninsa kuwa, duk yankin mutum ɗaya ke da wannan ciwo, Alhaji Sada mai manyan motoci.

"'Yata, irin na Alhaji ne dai?" ya tambaya.

"Shi ne, Baba. Sai dai ba mu da magani, ka ga kantar wayam."

Zamanin soja ne, ana fama da tsuke bakin aljihu. Selina ta juya wajen matarsa Zulai, ta ce a rage gishiri da man ja, a dage da waken suya da kindirmo da kifi. Ta ce masu bincike na ganin akwai wani abu a cikinsu da ke sassauta jijiyoyin jini.

Zulai ta riƙe maganar. Inuwa kuwa sunan ciwon kaɗai ya riƙe.

Kafin mako ya zagayo ya samo sandar dogarawa. Idan an kira gayya sai ya dafe ƙeya. Idan gardama ta tashi a dandali ya ga za a kayar da shi, sai ya ce, "Ku bi ni a hankali, kada ku tayar min da jini," kowa ya yi tsit. Babban abin shi ne Alhaji Sada, wanda da ko gaisuwarsa da ƙyar yake amsawa, yanzu matsa masa yake a tabarma su yi hirar jiri.

A gida kuwa Zulai ba ta san wasa ba. Safe kunun waken suya, rana fura da kindirmo, miya lami da daddawar waken suya. Gishirin ma ta kai shi ajiya maƙwabta.

"Ke, wai kashe ni za ki yi?"

"Malam, ai manya da haƙuri aka san su. Shanye."

Bayan an yanke rake suka koma Ikara. Selina ta ɗaura masa awon, ta matsa robar, ta duba, ta tafa hannu.

"Baba, barka! Ya sauka sosai. A ci gaba da abincin, a riƙa zuwa awo."

Fuskar Inuwa ta canza. "Abin nan naki bai lalace ba kuwa? Sake."

Ya runtse ido, ya tuno tsadar taki, ya tuno akuyar da ta cinye masa barkono, ya cika ya batse. Selina ta sake aunawa. Jinin ko gezau.

A hanya ya roƙi Zulai, don Allah maganar ta tsaya tsakaninsu. Ta ce to. Ita dai matar Alhaji kaɗai ta gaya wa, a gidan suna.

Washegari da hantsi sai ga mota a ƙofar gida. Inuwa ya zari sanda ya fito yana ɗingishi, ko da yake ciwon bai taɓa shafar ƙafa ba. Alhaji Sada ya sauko, suka gaisa, ya tambayi iyali da gona, sannan ya ce, "Na ji Allah ya ba ka lafiya. Wajen uwargida na zo, a taimaka a koya wa iyalina kunun nan."

Nan da nan labari ya bazu har garin Kurmin Kogi, mata suka riƙa sallama da ƙwarya. Wake ya ƙare a gidan, Zulai ta ce sai a shuka. Da damina ta faɗi, rabin gonar Inuwa waken suya ne, kuma shi ya nome shi da hannunsa, yana yi yana mita.

Na Alhaji dai bai sauka ba. Yana shan kunun kullum, sannan ya aika Makarfi a sayo masa tsire ya ɗora a kai.