Inda Figi Ta Tsaya

Kafin zazzaɓin da ya kwantar da ita, Figi tana ƙirga har ashirin, alhali ba ta cika shekara biyar ba. Mahaifiyarta tela ce, kuma duk matar da ta kawo ɗinki sai ta saurari lissafin yarinyar kafin a auna ta.

Zazzaɓin ya zo da jijjiga, suka daɗe a asibiti. Da aka sallame su, Figi tana ci, tana gudu, tana surutunta kamar da. Uwar ta ɗauka an wuce wurin.

Wata rana tana kan keken ɗinki ta ce, "Figi, miƙo min maɓallai huɗu."

Yarinyar ta juye gwangwanin maɓallai a ƙasa. "Ɗaya, biyu, uku." Sai ta tsaya, yatsanta a kan maɓalli. "Umma, nawa kika ce?"

"Huɗu."

Ta koma farko. Tana kai biyu wani zare ya faɗo daga tebur, ta bi shi da kallo, kafin ta juyo ta manta inda take. Daga ƙarshe ta cika tafin hannu ta kawo, tana murmushi.

Lambobin ba su gudu ba. In ka ce ta rera su, za ta rera tiryan-tiryan kamar waƙa. Amma da zarar an sa abu a gabanta, sai ta taɓa guda sau biyu, ta tsallake wani, in an tambaye ta nawa ne ta sake daga ɗaya.

Uban, mai gyaran fanka, ya ce shagwaɓa ce kawai. Ya tara marafen kwalba, kullum in ya dawo aiki ya zaunar da ita. Ya gwada lallashi, ya gwada alewa. Ranar da ya daka mata tsawa ta ɗago ta ce, "Abba, ina riƙewa fa, zamewa yake yi." Ya tashi ya fita ƙofar gida, bai ƙara ɗauko marafen ba.

Likitar yara ta yi wa uwar bayani a hankali. "Ƙirga ba a baki kaɗai yake ba. Dole yaro ya riƙe adadin da aka ce masa, ya riƙe inda ya tsaya, ya tuna wanda ya riga ya taɓa. Wurin riƙon nan ne ciwon ya shafa."

"To zai dawo?"

"Wasu yakan dawo musu. Ba zan yi miki alkawari ba. Ku dai bi ta sannu."

A makaranta malamar ta ce gara ta maimaita aji. Ƙawayenta suka wuce gaba.

Wata Asabar da yamma yaran layin suna wasan ɓuya, uwar tana guga kusa da taga. Da layi ya zo kan Figi ta jingina goshi da bango, ta rufe ido. Sai ta kai goma za ta buɗe.

Ta kai shida, wani babur ya wuce da ƙara. Ta koma ɗaya. Ta kai huɗu, wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya a bayan mota. Ta sake komawa ɗaya.

Uwar ta ajiye dutsen guga. Tana gani yaran suka fara leƙowa daga maɓoyarsu. Babbarsu ta yi wa sauran alama da hannu, suka sulale zuwa ɗaya layin, inda ake buga ƙwallo.

Figi ta sake kai shida ta maƙale, leɓenta yana motsi.

"Bakwai," uwar ta faɗa ta taga.

"Bakwai! Takwas, tara, goma! Ga ni nan zuwa!"

Ta buɗe ido ta ruga bayan motar. Ta duba bayan tankin ruwa, ta duba ƙarƙashin matakala. Sannan ta dawo gindin taga tana haki.

"Umma, yau sun iya ɓuya sosai. Kin ga inda suka shiga?"

 Figi ba ta jira amsa ba, ta juya ta ci gaba da nema.