Kwamfutar da Ta Raba Gadon da Babu

Shekara uku da ba mu jihar Kebbi aka kawo wa makarantarmu ta sakandare a Argungu kwamfuta guda ɗaya tak. Shugaban makaranta, Malam Dikko, ya ajiye ta a ofishinsa, ya lulluɓe ta da sabuwar atamfa kamar kayan ɗakin amarya. In baƙo ya zo a ɗaga masa gefen zanen ya leƙa, ya ce masha Allah, a mayar. Ni kuwa Zayyanu, malamin lissafi, da na yi kwas na wata uku a Sakkwato a kan abin nan, kullum na wuce ƙofar sai na yi tsaki.

Ba nacina ya sa ya sake ta ba. Takarda ce ta zo cewa nan da mako shida mai duba makarantu zai iso, duk inda ya tarar ba a koyarwa da kwamfuta zai sa a ɗauke ta a kai Birnin Kebbi. Na rantse a raina ba za ta fita ƙofar nan ba.

Wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa, ɗalibai kuma arba'in. Sai na tara kwalayen sabulu na zana wa kowa madannai a kai. A allo muke rubuta firogiram da alli, layi bayan layi, su yi ta danna kwali. Da yake lissafin kaso ne ke kayar da su, na ce mu koya wa kwamfuta rabon gado, tunda babu gidan da ba a san rabi da sulusi da rubu'i ba. Wallahi abin ya yi aiki, yaran da ke barci suka fara gardama.

Banda Hanifa, wata 'yar Gulma mai zama a bencin baya. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawata, don haka na ce kwalinta ya ishe ta, ba za ta ɓata mini na'ura ba. Wata rana ta ɗaga hannu ta ce akwai inda firogiram ɗin zai yi kuskure. Na ce ta zauna, ta fara iya nata lissafin tukuna.

Mai duba makarantun, Alhaji Tamba, ɗan gidan malamai ne na Birnin Kebbi. Muka tayar da janareton aro, ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ba da tasa tambayar. Mace ta rasu, ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da shaƙiƙanta mata biyu, da shinkafa buhu arba'in da biyu. Na sa Nasrullahi, gwanin ajin, ya shigar.

Kwamfuta ta ba miji rabi, ashirin da ɗaya. Ta ba matan kashi biyu cikin uku, ashirin da takwas. Alhaji ya haɗa a fili, arba'in da tara, ya tambaye ni a wace fadama zan noma sauran bakwai ɗin. Malam Dikko har ya fara ninke atamfarsa.

"Malam, auli na," in ji wata murya daga baya.

Hanifa ce, a tsaye. Ta ce kakanta mai rabon gado ne a Gulma, a zaurensa ta ji. Miji yana da uku cikin shida, matan suna da huɗu, bakwai ke nan. In haka ta faru sai a raba dukiyar bakwai maimakon shida, kowa ya ragu kaɗan, shi ake kira auli.

Alhaji ya ce wannan karatun kakanta ne, shi kuwa aikin kwamfuta ya zo gani. "Kina iya hwaɗa ma na'urag ga abin da kinka hwaɗa min?"

Ta dube ni. Na jawo mata kujerar kwamfutar da kaina na ce ta zo. Ranar ta fara taɓa madannai na gaske. Ta buɗe bayan littafinta, da yatsa ɗaya ta ƙara layi guda: in jimlar kason ta wuce asalin, wato shidan nan, asalin ya koma jimlar. Ta danna. Miji sha takwas, kowace mace sha biyu.

Alhaji ya rufe fayil ɗinsa, ya ce wa Malam Dikko kwamfuta ta zauna, amma a aji, atamfar kuma a kai wa uwargida.

Da aka watse na karɓi littafin Hanifa. Layin yana nan da fensir, ta sa kwanan wata a sama kamar yadda na koya musu. Ranar da na ce ta zauna ce. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na riƙe alli. Na ce ta yafe mini, gobe kuma ita za ta fara hawa kujerar.

Ta ce to, amma akwai wani wurin kuma da zai yi kuskure, in gado ya yi saura.

Na miƙa mata allin.