Ranar da Inna Ta Faɗi Sunansa

Tunda Inoussa ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Shi ne ɗan fari, Inna Rékia kuwa irin matan nan ce masu riƙe kunya da hannu biyu. In za ta aike shi, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wannan ya ɗebo ruwa." In zazzaɓi ya kwantar da shi, kakarsa ke jinya, ita kuma ta yi ta giftawa ta ƙofar ɗakin wai tsintsiya take nema. Kowa ya san ba ƙi ba ne, shi ma ya sani. Amma abin na cin sa.

A shekarun nan ne rediyon Libiya ke ta shela cewa Afirka gida ɗaya ce, kowa ya zo. Mutane kuwa suka ɗauki maganar da gaske. Inoussa ya baro ƙauyensu na kusa da Damagaram, ya ƙetare hamada, ya sauka Sabha a unguwar Tayuri, inda gida ɗayan da ake faɗa ya zama ɗakin bulo marar filasta, maza na kwana a jere kamar itacen sayarwa. Ya yi dako, ya yi kwaɓin siminti, har hannunsa ya faɗa a shimfiɗa tayil.

Sai abokin ɗakinsa Chékaraou ya samo musu gurbi a motar Tarabulus, ranar Juma'a. Daga can sai ƙetare teku zuwa Turai, ga wanda ya ga zai iya. Inoussa ya ce shi ba ya gaba ba ya baya sai ya ji ta bakin Inna: ya tafi, ko ya komo gida.

Chékaraou ya yi dariya har da buga cinya. "Wadda ko sunanka ba ta faɗi, ita za ta faɗa maka ra'ayinta?"

Gaskiyarsa. Duk sanda Inoussa ya buga waya, da ta ji muryarsa sai ta miƙa wa ƙanenta Kawu Djibo, shi kuma ya ce, "Tana gaishe ka." Shi ya sa ya ƙudurta sai ya ga fuskarta. Ko ba ta yi magana ba, ai zai karanta.

A lokacin yana aikin tayil a unguwar Jadid, gidan Hajj Salah, wani ɗan kasuwar hamada da ya iya Hausar ciniki. Gidan na da intanet ta layin tarho, da kwamfuta mai ɗan idon kyamara a falo. Da Inoussa ya roƙi alfarma, Hajj Salah bai ja ba.

"Bahi, babu komai. Amma zo da safe. Bayan la'asar shabaka, layin intanet, ya cika. Kowa tashi barci, kowa hau. Mota da yawa, hanya ɗaya."

To, ita Inna sai ta jira motar kasuwa ta kawo ta Damagaram, sannan Kawu Djibo ya kai ta shagon intanet. Motar kasuwa kuwa ba ta san da wani Hajj Salah ba. Ranar Alhamis sai bayan la'asar suka iso, daidai lokacin da duk Jadid ta farka ta hau layi. Ƙari a kan haka, a saman bene Hanan, 'yar mai gidan, ta zauna tura hotunan bikin yayarta ga dangi a Bangazi. Hajj Salah ya taɓa bayyana masa cewa ƙofar fita ta layin gida ta fi ta shigowa ƙunci. In wani ya cika ta da kaya, duk abin da za ka aika sai ya bi layi a bayansu.

Hoto ya fito dishi-dishi. Ga Kawu Djibo ya cika allo da hula. Ga Inna a gefe, ta zauna a karkace, fuskarta na duban bango. Ta rame.

"Kawu, ina wuni?"

Shiru. Ya sake faɗa. Yana cikin maimaitawa sai ga muryar Kawu ta faɗo masa a ka: "Lahiya lau, ina gajiya?" Ya yi shiru don kada ya katse babba. Kawu ma ya yi shiru. Can kuma suka fara tare, suka tsaya tare. Gaisuwar da ake gamawa a bakin ƙofa kafin a tuɓe takalmi, sai da ta nemi cinye musu yammacin, ga shi ba dama a tsallake ta. Wa zai shiga magana da kawunsa bai tambayi gida da gona da masu jiki ba?

Inna ta ce da bango, "Ku tambaye shi ko yana samun abinci."

Ya ce yana samu. Sannan ya tattaro ƙarfin hali ya zayyana komai: motar gobe, Tarabulus, teku. Ya ce in ta ce ya tafi zai tafi, in ta ce ya komo, gobe zai nemi motar kudu. Ya ga saƙon ya isa, domin can bayan ya rufe baki sai ya ga hannunta ya damƙe gefen mayafi.

Daga nan layin fita ya toshe ɗif.

Shi yana ganinsu, yana jinsu. Su kuwa babu. Kawu Djibo ya matso da hanci jikin allo. "Alo? Alo? Kai, rezo ya tahi. Ga shi nan ya daskare, baki buɗe."

"Ina jin ku!" Inoussa ya ɗaga murya. "Kawu, ban tafi ba! Inna, ina jin ki! Ina ganin ki, Inna!"

Ko gezau. Kawu ya yi tsaki ya miƙe. "Bari in nemo mai shagon." Ya fita, ya bar Inna ita kaɗai.

Ta jira har ya yi nisa. Sannan a hankali ta juyo, ta dubi allon sosai, irin duban da bai taɓa samu daga gare ta ba. Ta ɗaga yatsa ta taɓa gilashin, inda yake zaton goshinsa ne.

"Inoussa," in ji ta.

Ya toshe bakinsa da hannu biyu. Ashe haka sunan yake a bakinta, da ɗan ja a ƙarshe. Hawaye suka zubo masa ta tsakanin yatsu, gardi guda, a falon mutane.

"Inoussa, ɗana, ka baƙe, ka rame. Tun ranar da kawunka ya ce mini kana zancen teku ban runtsa ba. Ɗan gidan Illia ya shiga, har yau uwarsa na ajiye masa tuwo." Ta share ido da mayafi. "Amma kuma rumbu wayam, ƙannenka kai suke kallo. Ni ma na sani."

A nan ne ya tuna da ihun da ya yi. Bai ɓace ba. Yana nan cikin waya, a layi bayan hotunan amarya, yana jiran hanya. Shi da ya wuni yana tsine wa cunkoson nan, sai ga shi yana roƙon Allah a zuci kada ya sake. Allah ka ƙara wa Hanan hotuna. Allah ka sa duk Jadid su hau layi.

"Na yi ta juya abin," in ji Inna, "na kuma tsai da magana. Da ma kana ji na. Inoussa, abin da nake so ka yi shi ne..."

Daga saman bene Hanan ta ƙwala wa babanta kira da murna, wai hotuna sun gama tafiya.

Ya ji muryarsa da kansa ta fashe a shagon Damagaram, ta dawo masa ta lasifika: "Inna, ina jin ki! Ina ganin ki, Inna!"

Ta zabura kamar ta taka garwashi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa allon baya. Yanzu layi ya washe tas, har zaren mayafinta yana iya gani.

"Inna, ki ƙarasa. Don Allah ki ƙarasa."

Ta ji shi sarai, babu jinkirin ko ƙiftawar ido. Ba ta juyo ba. Kawu Djibo ya shigo da mai shago yana washe baki. "A'a, ya komo! To Yaya, yaro na jira. Me za a ce masa?"

Ta miƙe tana gyara zani. Da muryarta ta kullum, wadda ya sani tun yana rarrafe, ta ce da bango, "Ku ce wa wannan Allah ya kiyaye hanya."

"Wace hanyar, Inna? Ta arewa ko ta gida?"

Amma ta riga ta kai ƙofa. Kawu ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, ka dai ji. Albarka ce ta sa maka."

Ranar Juma'a da hantsi motar Tarabulus ta cika a bayan kasuwa. Inoussa ya daɗe a tsaye da jakarsa, yana duban titin da ya yi kudu. In ya koma gida ya tarar da rumbu wayam, da wane baki zai ce ita ta kira shi? Ko a gaban wa ba za ta amsa ta yi maganar ba. Direba ya danna oda. Chékaraou ya miƙo hannu ya jawo shi sama.

"To, me tsohuwa ta ce?"

Inoussa ya zauna a kan jarkar ruwa, ya rungume jakarsa.

"Ta faɗi sunana," in ji shi.

"Shi ke nan? Batun tafiyar fa?"

Inoussa ya waiwaya ya dubi titin kudu. Motar ta ɗauki hanyar arewa.