Tsaga a Wuyan Mai Azumi

A shekarar da fetur ya fi ƙarfin talaka ne babur ɗin nan Tianko ya fara ɓullowa a Nyanya. Kafin nan ko sunansa ba a taɓa ji ba. Wasu su ce daga ƙetare ake shigo da shi, wasu su ce a Legas ake harhaɗa shi. Dila ɗaya ne ke sayar da shi a duk yankin, wani mutum mai suna Oga Thaddeus, a wani shago kusa da tashar mota. Da farko 'yan okada, wato 'yan acaɓa, dariya suka yi wa babur ɗin, wai siririn abu kamar keken yara. Amma da aka ga lita biyu tana wuni da mutum daga Nyanya zuwa Jikwoyi, zuwa Karshi, a dawo, sai dariya ta ɗauke. Suka laƙaba masa suna Mai Azumi, don ba ya shan mai.

Nuraddeen bakaniken babur ne, mutumin Malumfashi. Shekara goma sha bakwai ke nan yana aiki a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin hanyar Karshi, kuma maganarsa tana da nauyi a wurin 'yan okada. Shi ne ya fara kwance injin Mai Azumi a gaban mutane, ya jujjuya kayan cikinsa a hannu, ya ce, "Injin nan dai ba shi da laifi." Wannan 'yar magana ta zaga majalisun 'yan okada fiye da duk tallan da Oga Thaddeus ya yi. Kafin damina ta fita, in ka tsaya a mahaɗar Nyanya ka ƙirga babura goma, uku Mai Azumi ne.

Cikin waɗanda suka fara saye har da Hanif, ƙanin Ikilima matar Nuraddeen. A gidan Nuraddeen ya sauka lokacin da ya zo Abuja, ya shekara biyu suna cin tuwo a kwano ɗaya kafin ya kama ɗakinsa.

Wata Laraba da hantsi Hanif ya turo babur ɗinsa cikin rumfar.

"Yaya, duba mini kan nan. In na taka birki sai in ji yana rawa."

Nuraddeen ya ɗaure duk abin da ke ɗauruwa, rawa ba ta daina ba. Ya cire tankin mai, ya goge ƙura da giris da tsumma. A nan ya gan ta: tsaga siririya kamar gashi, ta zagaye rabin wuyan babur ɗin, daidai inda ƙarfen gaba ya haɗu da gangar jiki. Ya sa farce ya bi ta. Ƙarfen wurin bai kai kaurin da ya kamata ba.

"Wannan ba aikin sifana ba ne," ya ce. "Ƙashin babur ɗin ne ya tsage. Sai dai a sake shi ɗungurungum."

"A yi masa walda mana."

"Walda ba za ta riƙe ba. Za ta ɗauke ka sati biyu, wata ɗaya in ka yi sa'a. Ranar da zai balle, tayar gaba ce za ta tafi ta bar ka."

Hanif ya sosa ƙeya. Sannan ya ce ai ya samu aikin tuƙa wani ma'aikacin gwamnati a Gudu, farkon wata zai fara, babur ɗin na 'yan kwanaki ne kawai a hannunsa. A dai lallaɓa masa. Nuraddeen ya ja babur ɗin zuwa wurin mai walda na maƙwabta, ya karɓi kayan ya yi da hannunsa, ya goge wurin ya yi sumul. Da ya gama, Hanif ya zaro ƙaramin gwangwanin baƙin fenti daga aljihu ya miƙa masa.

Nuraddeen ya dubi gwangwanin, ya dubi Hanif. "Tanki ne zai rufe wurin. Me fenti zai yi maka?"

"Don tsatsa, Yaya."

Ya san ba don tsatsa ba ne. Mutumin da zai hau babur na kwana goma bai damu da tsatsa ba. Amma ƙanin matarsa ne, ga shi ya samu hanyar barin titi bayan shekara biyar yana shan rana da gudun masu kamen babura. Ya buɗe gwangwanin ya shafa.

Bayan mako ɗaya babur ɗin ya dawo rumfar, amma ba Hanif ne a kai ba. Promise ne, wani ɗan okada mutumin Akwanga, dogo mai yawan fara'a, wanda ya daɗe yana kawo wa Nuraddeen tsohon babur ɗinsa da ke mutuwa a kowace kwana. Hausarsa ta tasha ce, ba ruwansa da mace ko namiji.

"Oga Nura! Ka gani? Ni ma na shiga Mai Azumi. Ɗan'uwanka ne ta sayar mini. Na ce tun da gidan Oga Nura ne, ba sai na kai wani ya duba ba. Zuba mini sabon oyel."

Nuraddeen ya durƙusa ya kwance murfin oyel. Ya yi niyyar gaya masa gaskiya, sai ya hango yadda za ta kasance: Promise ya tara 'yan yuniyon ɗinsu na okada, a je Gudu a ci mutuncin Hanif a ƙofar gidan sabon ubangidansa, a ce kuma wa ya yi waldar. Ya fasa.

"Ka riƙa bi a hankali a gargada," ya ce, idonsa a ƙasa. "Kuma kada ka yi masa lodi. Babur ɗin nan ba ya son nauyi."

Promise ya bushe da dariya. "Oga, in ban yi lodi ba, yara za su ci mene?"

Washegari da safe, Ikilima tana zuba masa koko, ya gaya mata komai. Ta ajiye ludayin ta zauna.

"Yanzu me kake so ka yi, Baban Nafeesa?"

"In kira Promise in gaya masa."

"Ka fara kiran Hanif tukuna. Ka ce ya karɓi abinsa cikin rufin asiri. In ka tsallake shi ka je wurin bare, me zan ce wa Inna?"

Ya kira Hanif. Hanif ya ce yana tuƙi, zai kira. Bai kira ba. Ya sake kira bayan kwana biyu, Hanif ya ce, "Yaya, kai ka yi waldar nan fa, kuma ni na san aikinka. Ba abin da zai faru, in sha Allahu." Nuraddeen ya so ya yarda da haka, ya kuma yarda na 'yan kwanaki. Kullum yana ganin Promise yana wucewa ta gaban rumfar, ya danna masa oda, ya ɗaga hannu. Kullum sai ya ce a ransa, gobe zan tsayar da shi.

Ranar wata Asabar, rana ta take, aka tsaya da keke mai ƙafa uku a bakin rumfar. 'Yan okada huɗu suka sauke babur gida biyu: tayar gaba da kai daban, sauran jiki daban. A gangaren Orozo abin ya faru. Promise ya ɗauko wata mata da buhun doya, ya faɗa rami, wuyan ya balle. Matar ta karye a hannu. Shi kuwa cinyarsa ta karye wuri biyu, haɓarsa ta daki kwalta.

Ciyaman ɗin yuniyon, wani dattijo da ake kira Ɗan'auta duk da furfurarsa, ya tsuguna ya shafa bakin ƙarfen da ya karye. "An taɓa yi wa wurin nan walda," ya ce. "Har da fenti. Nura, duba ka gani."

Nuraddeen ya duba. "An taɓa," ya ce. Ya wanke hannu da fetur da omo, ya rufe akwatin kayan aiki, ya tari okada zuwa asibiti.

Ɗakin ya cika da gadaje da 'yan dubiya. Promise na kwance a can ƙarshe, ƙafa a rataye, an naɗe masa haɓa da bandeji. Matarsa Perpetual na zaune a gefen gadon da goyo, tana yi masa fifita da murfin kwali. Da Promise ya ga Nuraddeen, ya yi ƙoƙarin murmushi. Maganarsa da kyar take fita.

"Oga Nura... ka gaya mini. Ka ce kar in yi lodi. Ni ne ban ji ba."

Da a ce zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Nuraddeen ya dafa ƙarfen gadon.

"Ba lodi ba ne, Promise. Babur ɗin a tsage yake tun kafin ka saya. Ni na yi masa walda. Ni na shafa fentin. Ranar da ka kawo shi na san shi ne, kuma na yi shiru."

Fifitar ta tsaya a hannun Perpetual. Ta dube shi kamar ba ta fahimci Hausar ba, sannan ta miƙe.

"Ka sani? Ka sani, ka zuba masa oyel, ka bar shi ya tafi?" Muryarta ta cika ɗakin, mutane suka juyo. "Mutumin nan kullum Oga Nura, Oga Nura, kamar babansa! Fita! Fita daga nan!"

Promise ya juyar da fuskarsa bango. Nuraddeen ya fita.

Ranar Litinin yuniyon ta zauna a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan tasha. Nuraddeen ya faɗi abin da ya faɗa a asibiti, bai rage ba. Wasu matasa suka ce a ƙona rumfarsa, wasu suka ce a kai shi wurin 'yan sanda. Ɗan'auta ya tsawatar. Aka yanke cewa shi da Hanif za su ɗauki nauyin jinyar mutanen biyu, kuma babu ɗan yuniyon da zai kai masa aiki har wata uku. Ya ce ya amince. Sannan ya roƙi abu ɗaya: duk mai Tianko ya bari a cire tanki a duba wuyan, ko shi ya duba ko wani.

Aka yi ta gunaguni, amma aka fara turo babura. Kwana uku ya yi yana cire tankuna a gaban idon kowa, ba ya karɓar ko sisi. Cikin babura arba'in da uku, tara sun fara tsagewa a wuri ɗaya.

Ɗan'auta ya ɗauke shi suka je wurin Oga Thaddeus da ɗaya daga cikin baburan. Dilan ya leƙa tsagar, ya miƙe yana kaɗa makullai.

"Ku kuna ɗora buhu uku da mutum biyu a hanyar Karshi, sannan ku ce kamfani? Wane babur ne zai ɗauka? Zan rubuta musu. Amma ni sayarwa nake yi, ba ni nake ƙerawa ba." Ya dubi Nuraddeen sama da ƙasa. "Ba kai ne mai waldar ba? Kai ne za ka zo ka koya mini gaskiya?"

Nuraddeen da Ɗan'auta suna fitowa suka tarar da mota tana sauke sababbin babura cikin kwalaye, samari sun yi layi suna jira. Ɗan'auta ya tsaya ya gaya musu abin da aka gano. Suka saurare shi da ladabi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, mun ji. To amma ka san nawa lita take yau?" Ba wanda ya bar layin.

Daga cikin mutum taran nan, huɗu suka ajiye baburansu. Biyar suka je wani gareji a Mararaba aka yi musu walda, suka koma titi.

Hanif ya turo nasa kason na jinya ta hannun yayarsa, amma bai sake taka gidan ba, kuma ya daina ɗaukar wayar Nuraddeen. Labari ya isa Malumfashi a karkace, surukarsa ta aiko cewa ba ta taɓa jin inda mutum ya tona wa ɗan gidansa asiri a gaban bare ba. Ikilima ta yi kwana huɗu ba ta ce masa komai ba sai gaisuwa. A rana ta biyar ta dafa farfesun kifi, ta zuba a kula, ta yafa mayafi ta tafi asibitin da kanta. Da ta dawo ya tambaye ta ko sun karɓa.

"Matar ta karɓa," ta ce. "Ba ta yi godiya ba, amma ta karɓa."

Wata biyu da rabi Promise ya yi a kwance. Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, likita ya ce ya manta da okada. Nuraddeen ya yi ta shirya maganar da zai faɗa masa in an sallame shi. Har ya yi tunanin ya ce masa ya zo rumfar ya koyi gyara, aikin zaune ne, ya san babur ciki da waje. Da ya ji an sallame shi, wata Lahadi ya sa kaya masu tsabta ya nemi gidan a cikin Jikwoyi, ya yi ta tambaya lungu-lungu har ya samu.

Wata mata ce ta buɗe ƙofar, hannunta duk kumfar wanki. Ta ce ai masu ɗakin sun tashi tun ranar Alhamis, sun koma garinsu, ita sabuwa ce. Ya tambaya ko sun bar lambar waya. Ta ce ba ta sani ba, ya tambayi mai gidan, shi kuma yana Kubwa.

Ya ɗan tsaya a tsakar gidan yana kallon ɗakin da aka riga aka sauya wa labule. Sannan ya yi mata godiya, ya fito bakin titi. 'Yan okada uku suka rugo kansa suna danna oda. Ya girgiza musu kai, ya kama hanyar Nyanya da ƙafa.