Warƙar Da Ba Ta Je Wales Ba

Ranar Litinin da hantsi umdan Hindawiyya, wato mai unguwa, ya yanke wa Rumasa'u magana ko ɗago kai bai yi ba.

"Jibi Laraba. Ki kai wa ofis shaida a rubuce cewa a Makka aka haife ki. In babu, sunanki na cikin waɗanda za a ɗora wa jirgin ruwa."

"Jirgi zuwa ina, ya umda? Ni ban san ko'ina ba sai nan."

"Ba aikina ba ne. Na gaba!"

Shekararta arba'in da biyu, kuma ko Jidda ba ta taɓa takawa ba. Gyaɗa take soyawa tana sayarwa a bakin tashar tasi. Mijinta ya rasu ba shi da takardar zama, bai bar mata komai ba sai kasko. Mahaifinta kuwa, Malam Zali, wanda ya tako daga Kano da ƙafa, bai taɓa kai sunan 'ya mace gaban hukuma ba. Amma yana da ɗabi'ar malaman can gida: duk haihuwar da aka yi masa sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta rana da wata da gari a warƙar ƙarshe ta ɗaya daga cikin littattafan da ya kwafa da hannunsa. Rumasa'u ta sha ganin sa yana nuna wa baƙi wurin. Littattafan duka suna unguwar Shisha, a gidan yayanta Hashimu.

Hashimu ya buɗe ƙofa, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, sannan ya ja ta ciki da sauri kada maƙwabta su ga mace mai warin hayaƙi a ƙofarsa. Ma'aikacin gwamnati ne, mai takardar ɗan ƙasa, mai farar riga da ba ta san ƙura ba. Tun da ya samu tebur da hatimi Hausa ta fara yi masa nauyi a baki.

"Esh fi? Me ya faru kuma?"

"Yaya, littafin Baba nake so, wanda ya rubuta haihuwarmu. Kwana ɗaya tak, in mayar maka."

Sai a lokacin ta lura da akwatin katako a tsakiyar falo, an ɗaure shi da igiya. Kantar da littattafan ke zama a kai wayam take, sai zanen ƙura.

"Kin makara," in ji Hashimu, yana gyara zaman ƙyallen kansa. "Na ba da su kyauta. Da su da takobin Baba da tandun tawadarsa. Gobe za su bar ƙasar."

"Ka ba wa wa?"

Ya nufi bango ya ciro wata wasiƙa da ya sa wa gilashi tun kafin a ɗauki kayan. "Akwai wani babban gidan ajiye littattafai a ƙasar Wales, can gefen Ingila. Mista Morgan, injiniyan ruwa a Jidda, mutumin can ne, kuma abokina ne. Za su buga sunana cikin jerin masu kyauta. Sayyid Hashim. Kin san abin da wannan ke nufi? Ina za ki sani."

"Na san abin da jirgin ruwa ke nufi. Laraba za su ɗora ni."

"To ai ba mutuwa ba ce. Ki je ki ga dangi."

"Waɗanne dangi? Kai ne dangin, ga ka tsaye. Yaya, warƙa ɗaya fa nake nema. Littattafan ba a ɗinke suke ba, zare ta kawai za ka yi."

Fuskarsa ta canza, abin da ya ba ta mamaki, don maganar ba ta kai ta ɓacin rai ba.

"Ba za a taɓa ko ɗaya ba! Turawa cikakken littafi suke so. Mutane ne masu tsari, ba irinku ba da za ku naɗe gyaɗa da shi. Halas, magana ta ƙare. Ki bi ta ƙofar baya."

Ta bi ta ƙofar baya. Ba ta yi kuka ba, tana lissafin wanda ke da motar ɗaukar kaya a cikin mutanen da Hashimu ya sani. Mutum ɗaya ne: Maman, ɗan maƙwabciyarta Iya Ɗaso, mai jigilar gawayi.

Ta same su a tsakar gida suna cin tuwon rana. Iya Ɗaso ta saurara har ƙarshe, sannan ta tofar da yawu gefe.

"Sayyid Hashim! Yaron da na sani da majina har haɓa. Maman, kai ne za ka kai akwatin?"

"Ni ne, Inna. Bayan sallar asuba. Bature ba ya shiga Makka, don haka a wani shagon shan gahawa za su haɗu, bayan an wuce iyakar Harami."

"Ni kuma ba ni da takardar wuce shingen 'yan sanda," in ji Rumasa'u. "Shi ba ya shigowa, ni ba na fita. Dole in gama kafin shingen."

Maman ya ajiye lomarsa. "Yaya Rumasa'u, in aka kama ki a bayan motata, ni ma jirgin ne."

"Ka ce ba ka san na hau ba."

"Zai kai ki," in ji Iya Ɗaso. "Ci tuwonka."

Washegari rana na ɗagowa Rumasa'u na kwance ƙarƙashin tamfol a tsakanin buhunan gawayi. Ta ji an ɗora akwatin, ta ji muryar Hashimu yana faɗa da Larabci kada a goga masa baƙi a riga. Bai ko zagayo baya ba. Ya shimfiɗa hankici a kujerar gaba ya zauna.

Mota na tashi ta kai wa igiyar wuƙar yankan albasa. Murfin ya buɗe. Gafaka goma sha ɗaya, duk na jar fata, duk sun yi baƙi da tsufa, duk kamarsu ɗaya. Ta kwance ta farko, ta juya tarin takardun, ta dubi warƙar ƙarshe. Baƙaƙe ne jere, da ja a tsakani. Ta buɗe ta biyu. Haka.

Ta tsaya da warƙar a hannu. Malam Zali ya koya mata surorin salla da ka, bai taɓa ɗora mata alƙalami a hannu ba. Ba ta iya bambance sunanta da sunan raƙumi.

Mota ta faɗa rami, kanta ya bugi katako. Ta leƙa ta ƙasan tamfol ta ga gidaje sun fara ƙaranci. Ba lokacin tunani. Ta zare warƙar ƙarshe ta littafin farko, ta cusa a ƙirji, ta ɗaure gafakar. Ta biyu. Ta uku. Gumi na haɗuwa da garin gawayi yana shiga mata ido. Tana kan ta tara motar ta fara rage gudu.

"Lesh wagaft? Me ya sa ka tsaya?" Muryar Hashimu ce.

"Inji ya yi zafi, ya Sayyid. Sai na ba shi ruwa."

Maman ya ɗaga murfin inji ya tare wa Hashimu gani, yana ta buga ƙarfe ba dalili. Ta goma. Ta sha ɗaya. Ta mayar da murfi, ta ƙulla igiyar yadda ta samu, ta sulale ta baya ta faɗa bayan wata katanga. Motar ta wuce. Can gaba kaɗan tana hango tutar shingen.

Da ƙafa ta dawo, sai azahar ta iso gari. Kai tsaye ta nufi gindin bangon da Malam Abdulganiyyu ke zama, tsohon da ke rubuta wa mutane takardun koke a ƙofar ofis. Tare da mahaifinta suka yi karatu.

"Allah gafarta Malam, duba mini. Wacce ce tawa?"

Ya sa tabarau yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ƙarshen littafin nahawu ne. Wannan na gado. Subhanallahi, 'yar nan, kin yanke wa littafi goma sha ɗaya wutsiya! A nan ne fa mai kwafi ke sa sunansa da shekarar da ya gama." Ya ɗaga ta bakwai, ya tsaya. "Ga ki nan. Rumasa'u, daren Alhamis, bakwai ga Rajab, shekara ta dubu da ɗari uku da arba'in da uku, a Makka mai alfarma. Hannun Zali ne, ko a mafarki na san shi. Har da sunayen mutum biyu da suka halarci suna."

Ta sauke numfashi ta zauna a ƙasa. Malam ya juya warƙar don ya ga ko akwai saura. Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa.

"Yayanki da ya karɓi takardar ɗan ƙasa, ina ya ce an haife shi?"

"A nan. Ya rantse gaban alƙali."

"To ubansa ya ce a Sawakin, ƙasar Sudan, suna jiran jirgin tsallakowa. Shekara biyar kafin ke. Ga shi a bayan naki."

Rumasa'u ta daɗe tana kallon takardar. Sai dariya ta kuɓuce mata, marar daɗi.

"Ashe ba son ilimi ba ne. Ya ji an fara neman shaida, ya san zan zo. Ya rasa zuciyar da zai ƙona rubutun Baba, shi ne ya nemo ƙarshen duniya ya aika shi. Har da gilashi a bango!"

"A warƙa ɗaya kuke, gaba da baya," in ji Malam. "Ba ta yankuwa. In kin miƙa, kin miƙa shi."

Da la'asar Maman ya dawo yana dariya tun daga zaure.

"Inna, da kin gani! Baturen nan ja kamar gauta, ya zo da wani Balaraben Jidda mai karanta masa. Suka ce malaman can Wales sun ce a fara duba ƙarshen kowane littafi, a rubuta sunan mai kwafi da shekara. Aka buɗe na farko, babu. Na biyu, babu. Sayyid ya fara zufa. Da aka kai na biyar ya ture Balaraben ya wawuri wata gafaka yana tonawa kamar kaza. Bature ya ce ba komai, zai karɓa, amma za a rubuta cewa guntaye ne, ba a san mai su ba. Takobin ne ma ya fi burge shi."

"Sayyid fa?"

"Waje yake ta kallo ta taga har muka dawo. Sai da zai sauka ya ga igiyar a yanke. Ya dube ni, na dubi sama."

Laraba tun kafin a buɗe ofis Hashimu na tsaye a bakin ƙofa. Bai yi aski ba, rigar jiya ce a jikinsa, da baƙin gawayi a hannun rigar. Da ya hango Rumasa'u ya taho da sassarfa, kuma abin mamaki, Hausarsa ta dawo tas, irin ta cikin birnin Kano.

"Rumasa'u, ƙanwata, tsaya mana. Don Allah, don darajar Baba."

"Sayyid Hashim! A gaban mutane? Kada a gan ka da mai gyaɗa."

"Bar wannan. Ba ni warƙar. Zan shiga da kaina in rantse cewa a gabana aka haife ki. Ni ma'aikaci ne, za su karɓa."

"Ka rantse?" Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Na ji yadda rantsuwarka take, Malam ya karanta mini. Ranar da taka ta rushe, tawa ta bi ta. Ni rubutun Baba zan shiga da shi."

"Ina da 'ya'ya huɗu! Aikina, gidana, komai a kan takardar nan yake. Za su kore ni."

"To ai ba mutuwa ba ce, Yaya."

Ya kai hannu zai riƙe mayafinta. Ɗan sandan ƙofa ya juyo, Hashimu ya janye hannun ya shiga gyara ƙyalle. Ta wuce ciki.

Magatakardan wani saurayi ne mai ƙiba, da kofin shayi a gabansa da jarida a buɗe. Ta ajiye warƙar, gefenta a sama, ta ɗora yatsa inda Malam Abdulganiyyu ya nuna mata. Ya karanta yana hamma. Ya tambayi sunayen shaidun, ta faɗa, ya ce ɗayan ya san jikokinsa a unguwar Utaibiyya. Ya ɗaga gefen warƙar da farce zai juya ta. Sai wani ya leƙo ya ce masa shayi zai huce, ga kuma mudir, shugaban ofis, na kira. Ya saki. Ya buga hatimi a wata farar takarda, ya tura mata.

"Ki dawo bayan wata biyu ki karɓi ta dindindin. An cire sunanki."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki warƙar. Ya dafe.

"La, ya hajja. Wannan ta zama ta hukuma." Ya soke ta da allura a jikin fayil, ya jefa kan tarin da ke bayansa.

Hashimu na nan inda ta bar shi.

"Ya juya? Ya karanta bayan?"

"Yau dai bai juya ba."

"Alhamdu lillahi! Kawo ta, kawo."

"Tana ciki. Sun riƙe, sun ce nan za ta zauna." Ta naɗe farar takardarta ta cusa a ƙirji. "Fayil ɗin kore ne, yana saman tari, kusa da taga. Kowa ya zo wucewa yana iya ɗagawa."

Hashimu ya ja da baya. Ya juya yana kallon tagar, ma'aikata na shiga suna fita suna yi masa sallama da sunan Sayyid, bai amsa wa kowa ba. Rumasa'u ta tsallaka titi ta nufi tasha, don rana ta yi kuma ba ta hura wuta ba.