Salansar Hagu

Attahiru taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka ba abin da zai zo bakina in haɗiye don ina jin nauyinsa. Ina ce masa bawana, yana ce mini Bunyaminu mai baƙin hannu. Yanzu duk mun yi furfura. Shi ya yi ritaya daga aikin malamin gona, ni kuwa ina nan a rumfata ta gyaran babura a bakin kasuwar Bagudo.

Bayan an gama girbin bara sai ga shi ya turo mini wani tarin tsatsa a kan amalanke. Tun daga nesa na gane kayan. Tsohon babur ɗinsa ne, Honda Benli mai salansa biyu, wanda ya zagaye Geza da Zagga a kansa yana koya wa manoma zuba taki. Shekara goma sha shida ke nan yana jingine a bayan rumbu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Bawana, mi za ni yi da wagga gawa?"

Ya ce, "Tashe shi za ka yi. Barira za ni kai Tungar Alfa."

Da na ji haka sai na bar dariya. Barira matarsa ce, shekararsu arba'in da ɗaya tare. Tana da yaya guda, Dela, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tana zaune a Tungar Alfa, wani ƙauye a ƙasar Benin, wadda tsofaffi ke kira Dahome, can bayan Tsamiya. Da Dela ce ke zuwa ganin ƙanwarta, amma shekara shida ke nan ido ya tafi, jiki kuma ya yi rauni. Suna gaisawa a waya in an dace da sabis. A wayar ƙarshe ta ce, "Barira, muryar ta ishe ni haka, hannunki nika so in riƙa."

Zuwa Tungar Alfa kuwa ba na mota ba ne. Mota a bakin titi take sauke mutum, sauran tafiyar siririyar hanya ce ta cikin gonaki, sai babur. Akwai kuma wani rafi a tsakani, wanda da ruwan farko ya sauka ya cika ke nan, ba mai ƙetarawa da tsohuwa sai wata kaka. Ita kuma Barira tun da take ba ta taɓa hawa bayan wani namiji ba in ba mijinta ba, kuma ba ta da niyyar farawa da ɗan kabu-kabu a wannan shekarun nata.

Na ce to, ai abu mai sauƙi ne, ga nawa babur sabo, ya ɗauka gobe ya kai ta.

Ya ce, "Ba ni ɗaukar Barira bisa gwangwani. Bisa wanga nid ɗauko ta daga Dahome tana amarya, bisa shi za ta koma."

Na ce to bari in sa masa sabon inji, kwana biyu an gama. Ya yi mini wani kallo kamar na zagi gwaggota da ta haife shi.

"Ko noti guda ba ni so in ba irin nashi na ba," in ji shi.

Haka muka shiga wahalar da ban nema ba. Na kwance injin gaba ɗaya na baza a kan buhu. Fistin biyu sun cinye, kabreta ta ruɓe, salansar hagu kuwa da na taɓa ta sai yatsana ya shige ciki. Attahiru ya rubuta su a bayan takardar magani, ya rataya jakarsa ta aikin gona, ya kama bin kasuwanni.

Fistin bai ba shi wuya sosai ba. A Kamba ya same su wurin wani tsohon mai sayar da kayan gyara, suna naɗe a takardarsu ta mai tun zamanin da ba a haifi rabin mutanen kasuwar ba. Kabreta ce ta fara nuna mana hali. Ya je Dole Kaina sau uku a banza, sai wani ya ce masa ya ga irinta a Lolo, an ɗaura wa injin ban ruwa. Mai injin manomin albasa ne, ya kuma rantse ba ya sayarwa ko nawa ne. Attahiru bai yi musu da shi ba. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga gonar, ya kwana uku yana taya shi dashe, yana nuna masa abin da ke sa ganyen albasarsa yin ja. Rana ta huɗu mutumin da kansa ya kwance kabretar ya miƙa masa, aka ɗaura wa injin sabuwa.

Duk wannan na yafe masa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne salansa. Inji ya haɗu, da na lanƙwasa masa bututu na yi walda da tuni sun je sun dawo, amma ya ce sam. Wai muryar babur ɗin a salansa biyun take, in aka taɓa guda ya zama wani abu dabam. Wata uku cur mutumin nan yana neman ƙarfe guda ɗaya, zafi yana ƙaruwa, damina tana matsowa, tsohuwa tana can tana jira.

Da abin ya ishe ni sai na tafi gidansa ranar da na san ba ya nan. Na tarar da Barira zaune a kan turmi tana tsince shinkafa.

Na ce, "Uwar Zuhura, ki yi mishi magana. Ke kaɗai yaka ji. In ruwa ya sauka hwa shi ke nan."

Ta yi murmushi ba ta ɗago ba. "Bar shi, Malam Bunyaminu, shi yi abin nai a hankali."

Na fito ina huci. A raina na ce wannan haƙuri nata ya yi yawa har ya zama laifi.

A Malanbil, can ƙasar Benin, ya samo salansar daga ƙarshe, wurin wani tsoho Badande da ya rataye ta a ɗaki, ta babur ɗin marigayi wansa ce. Attahiru ba ya jin Dandanci, ba ya jin Faransanci, tsohon kuma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da bayani ya ƙi, sai Attahiru ya tsuguna ya riƙe iska da hannu biyu kamar kan babur, ya shiga yin kukan injin da baki. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya shiga ɗaki ya ɗauko. Da ya kawo mini ita a naɗe take cikin rawaninsa, shi kuma kansa a buɗe cikin rana.

Ranar da muka tayar da babur ɗin ba zan manta ba. An yi masa fenti ja mai duhu irin nasa na asali, ƙarafan suna ɗaukar ido. Attahiru ya taka kik sau biyu, a na uku ya kama. Wata murya ce mai kauri, a natse, ba hayaniya. Masu shayi da masu faci duk suka taso. Zan faɗi gaskiya, ni da na yi wata shida ina zaginsa, sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido, don rabon da in ji wannan kukan tun iyayenmu suna da rai.

Aka sa tafiya ranar Asabar da safe. Zuhura, 'yarsu da ke aure a Zagga, ta zo sallama, ta ɗaure tsarabar daddawa da turmin atamfa a bayan nawa babur, don ni zan bi su da kayan aiki. Attahiru ya hau, ya gyara hula, ya tayar. Barira ta fito da sabon mayafi, ta dafa kafaɗarsa, ta ɗaga ƙafa.

Ƙafar ba ta kai ko'ina ba. Ta sake gwadawa. A na uku wani ɗan sauti ya fita daga bakinta, ta saki kafaɗarsa ta dafa bango. Zuhura ta ruga ta ce bari ta ɗaga ta, amma ba a nan matsalar take ba. Ƙugun ne ya ƙi buɗewa, ko an ɗora ta ba za ta iya raba ƙafa a kan kujerar ba. Ta lallaba ta koma kan turminta ta zauna. Attahiru ya kashe injin.

Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Na san ba ni iyawa. Tun bara ƙugun ga ya ƙi."

Ya ce, "Don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

"Na ga kana jin daɗin aikin. Rabon da in gan ka hakanga, kana tashi da sahe da wurin zuwa, tun kana aikin gona. Sai nic ce bari dai ka ƙare."

Na kwance tsarabar na ba Zuhura, na ja babur ɗina na fita. A hanya na lura gabas ta fara haɗa hadari.

Washegari na zo buɗe rumfa na tarar da shi zaune a kan benci, babur ɗin a gefensa, yana riƙe da guntun karan dawa. Tsawonsa bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Ya miƙo mini.

"Ga iyakar inda ƙahwarta ka kai," in ji shi. "Na aza mata tubali, na ƙara wani, har inda tac ce ya isa." Ya juya karan a hannunsa. "Bunyaminu, na san kowane noti na babur ɗin ga. Na san wanda anka canza da wanda ba a canza ba. Matar da nika kwana ɗaki guda da ita shekara arba'in ta bar zama bisa tabarma, ban gani ba."

Tausayinsa ya kama ni. Ni ma ai na same ta a kan turmin, ban ga komai ba.

Ya riga ya tsara abin da yake so. A yanke rabin kujerar baya, a yi mata wurin zama na gefe mai majingina, yadda za ta zauna kamar a kan kujerar tsakar gida, ƙafafunta a haɗe. A yi mata matakala a ƙasa daidai tsawon karan, ta taka, ta juya, ta zauna. Na tsuguna na kafa karan a gefen hagu, don a gefen dama akwai birki. Kan karan ya tsaya daidai tsakiyar salansar Malanbil. Irin ta da ce, haɗe take da bututunta, ba a raba su sai da zarto. Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Na sani. Na auna tun jiya. Miƙo zarto."

Na ce bari in yi, ya ce a'a. Shi ya yanke ta da hannunsa, a hankali, gumi yana ɗiga daga gemunsa, bai tsaya hutawa ba har ta faɗi ƙasa.

Kwana huɗu muka yi. Na haɗe bututun biyu suka fita ta dama, na yi waldar matakala da majingina, mai kujerun kusa da mu ya sa soso mai kauri ya rufe da leda. Da muka tayar, muryar nan mai daɗi ta tafi, sai wani kuka kamar injin markaɗe mai mura. Kyan ma ya tafi, babur ya koma rabi babur rabi kujerar biki. 'Yan kasuwa suka yi ta dariya, Attahiru ya ɗaga musu hannu ya wuce.

Ranar Alhamis Barira ta taka, ta juya, ta zauna, ba wanda ya taɓa ta. Ta gyara mayafi ta ce, "Bismilla, mu tahi."

Ban taɓa yin tafiya mai sanyi irin wannan ba. Kowane rami sai Attahiru ya rage gudu ya waiwaya ya tambaye ta, har ta ce masa ya dubi gabansa. A bakin iyaka ma'aikata suka zagaye babur ɗin suna kallo, suka gaishe da Barira, suka ɗaga mana gorar shinge muka wuce. Rafin muka same shi a bushe, sai yashi mai zurfi. Muka sauka ni da shi muka tura, ita tana zaune a sama tana mana sannu. Iska mai ƙanshin ruwa tana ta kaɗawa daga gabas.

Bayan azahar muka shiga Tungar Alfa. An shimfiɗa wa Dela tabarma a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a ƙofar gida. Ta rame ƙwarai, ta karkata kai tana sauraron ƙarar da ba ta gane ba. Barira ta sauko da kanta, ta taka a hankali har gabanta. Wata mata ta kawo kujera, ta zauna, ta miƙa hannu biyu. Dela ta laluba ta kama su, ta shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta kai su fuskarta. Sun daɗe a haka suna kuka.

Can Dela ta share ido ta ce, "To mi yat tsai da ku hakanga? Tun kaka anka ce mini kuna tahe."

Na ga Attahiru ya matso ya buɗe baki, amma Barira ta riga shi.

Ta ce, "Ƙahwata ta, Yaya. Malam ya daɗe da shiryawa, ni yaka jira."

Attahiru ya juya ya koma wurin babur, ya tsuguna yana taɓa fulogi, ya daɗe a nan bai ɗago kai ba. Ni na ɗaura fulogin nan da hannuna, ba abin da ya same shi.