Sunan Maigida a Takardar Inji

Shekara goma sha Bara'atu na turara shinkafa a Dundaye, ita da maƙwabtanta mata. In sun shanya ta bushe, sai a ɗora buhu a mashin har cikin gari wurin casa. Rannan wata ƙungiya daga ƙasar waje ta aiko za ta ba matan unguwar injin casa mai aiki da hasken rana, amma sai sun haɗu su goma sun yi rajista. Takardar rajistar kuma za ta koma ofis kafin La'asar, in ba haka ba injin ya tafi wata unguwa.

Kafin Azahar Bara'atu ta tara su a tsakar gidanta. Malama Shamsiyya, ma'aikaciyar da anka aiko, tab buɗe takarda, taf fara da mafi shekaru.

"Inna Delu, sunan maigida?"

Inna Delu taj ja mayafi. "Malam."

"Malam wa?"

"Ke ɗiyar nan, shekara arba'in ban faɗe shi ba, sai yau don inji?"

Anka tambayi Wasila, tac ce, "Baban su Tani." Balaraba kuwa sai kallon kaji take yi. Malama Shamsiyya tad dubi agogo, tac ce ofis ba ya karɓar layi babu komi.

Bara'atu taj ji ranta ya ɓaci, tay yi niyyar ta faɗi na nata mijin ta ba su kunya. Tab buɗe baki, sunan yam maƙale. Tay yi salati, tam miƙe.

"To ku ji. Wa yah hana ni faɗin sunan mijin Wasila? Ai ba nawa ba ne. Malama, rubuta Badaru. Kowacce ta faɗi na ta kusa da ita."

Nan take baki yab buɗe. Inna Delu da kanta tac ce, "Na Bara'atu Abdulshakur ne, mai rowar goro." Anka yi ta dariya. Sai da anka zo kan Balaraba, Wasila tat toshe baki.

"Mi kuma?" in ji Bara'atu.

"Yaya, sunansu ɗaya da Baban su Tani."

Bara'atu tac ce, "Tashi ki koma can. Zulaihatu, matso kusa da Balaraba."

Anka sake zama, takarda tac cika, kowacce tad dangwala yatsa. Saura layi guda na dokokin ƙungiyarsu. Bara'atu tac ce a rubuta ta farko: duk mai son shiga, ta zo da wadda za ta faɗa mata sunan maigida.

Malama Shamsiyya tar rubuta tana dariya, tah hau keke-napep tun ladan bai kira La'asar ba. Bayan sati uku injin ya iso. Yanzu su talatin da huɗu ne, kuma bibbiyu sunka shigo.